Motar Alhaji Garba Mai Cin Fambel

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya wallahi. Mota ta shigo gareji, a ce fambel ne ya tsinke, sai kowa ya noƙe yana tura wa na ƙasa da shi, wai aikin ya yi masa kaɗan. To, kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Ni Sale a ƙarƙashin manyan motoci na tsufa a Bolarin nan, na sauke inji na ɗora ba adadi, amma har gobe in zan sa bel sai na gyara tsayuwa na yi bisimilla. Wannan 'yar robar da kuke rainawa ita ke juya fanka, ita ke juya famfon ruwa, ita ke ba batir wuta. In ta tsinke direba bai lura ba, kafin ya kai Kumo daga nan inji ya dafa kansa. Na ga ta kashe inji, na kuma ga ta kusa raba mutumin kirki da sunansa.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa mahaifina ya kai ni wurin Baba Inuwa, wani Bakano mai gajeren haƙuri da ke gyaran motocin auduga. Garejin ba komai ba ne sai inuwar darbejiya, da rami, da akwatin ƙarfe ɗaya. A ciki akwai sifanoni na awon Ingila, da filaya, da guduma, da wani sukundireba mai ƙotar katako da ya girme ni. Na daɗe ban taɓa mota ba, aikina wanke sifana da kananzir. Sai ka san kowace da hannu, ya ce miƙo min kaza daga cikin rami ka miƙa ba ka duba ba, sannan zai yarda kai mutum ne.

A reshen darbejiyar nan yake rataye duk bel ɗin da ya mutu. In aiki ya lafa sai ya zaro ɗaya ya jefo min a ƙirji.

“Ɗan nan, me ya kashe wannan?”

In na ce tsufa ne, sai ranƙwashi. “Tsufan gidanku! Duba gefensa. Ba ka ga yana sheƙi ba? Sakwakwa aka bar shi, ya yi ta zamewa har ya ƙone.” Wani kuma ya kumbura ya yi laushi, wannan baƙin mai ne ya riƙa ɗiga masa. Wani cikinsa ne ke ƙyalli, wannan kwarin fulin ne ya cinye har bel ya zauna a gindi, alhali da gefe yake kamawa ba da ciki ba. Fuli shi ne faifan ƙarfen nan mai kwari da bel ke hawa, na ga wasunku ko sunansa ba su riƙe ba. Wanda kuwa ya tsinke ƙat, ba sheƙi ba kumburi, Baba Inuwa kan yi tsaki ya ce wani jahili ne ya banƙare shi da sukundireba wajen sawa, zaren cikinsa ya yanke tun ranar farko. Dokarsa ɗaya ce, kuma ita na gada: ba a sa sabo sai an ga abin da ya kashe tsohon.

Bel na farko da na sa da hannuna na wata roka ce mai bodin katako, ta taho daga Dukku da lodin gyaɗa. Injin irin motocin nan bel biyu gare shi. Na ciki shi ke juya kwamfuresa mai tara iskar birki, na waje shi ke tasowa daga fulin ƙasa ya zagaya famfon ruwa da dainamo mai ba batir wuta. Na cikin ne ya mutu, don haka dole sai na wajen ya fita ya ba shi hanya. Kafin in taɓa noti, Baba Inuwa ya sa na tsuguna na zana hanyar kowanne a ƙasa da yatsa, ya ce kan da ke tuna hanya yanzu zai manta in rana ta take. Na cire wayar batir, na sassauta notocin dainamo na sama da na ƙasa, na tura shi ya jingina da inji. Sannan aikin gaske ya zo, wato ratsa bel tsakanin fanka da lagireto mai sanyaya ruwan inji, inda hannu da ƙyar yake shiga. Kunnen fanka ɗaya za ka tsallakar, ka juya, ka tsallakar da na gaba, har su ƙare. In ka yi gaggawa ka ƙwarzane lagireto, ka zo gyaran bel ka tafi da yoyon ruwa. Bayan hannuna duk ya sassale, ban ko ji ba.

Wajen ɗaurewa kuwa, da ƙotar guduma ake jan dainamo, ba da ƙarfe ba. Ma'aunin yana jikinka, babban yatsa ne. Ka danna tsakiyar bel, ya nutse kamar kaurin yatsan, shi ke nan. Kuma ka gaya wa direba in ya je ya dawo ya biyo a sake ja, don sabon bel sai ya miƙe. In tagwaye ne a fuli ɗaya, tare ake canza su, ko da ɗayan yana da sauran rai. Ka haɗa sabo da tsoho, sabon ne zai ɗauki kayan duka, ya riga tsohon mutuwa.

Direbobi kam na sha fama da su. Akwai wani da ke jigilar Bajoga, bel ɗinsa na kuka, ya zo min yana murna wai ya samo magani, sabulu ya goga masa ya yi shiru. Na ce sannu likita, ka toshe wa mara lafiya baki ka ce ya warke. Wani kuma sai ya ɗaure shi tamau da rodi har yana ƙara kamar tsirkiyar garaya, wai shi ba ya son wasa. Mako na zagayowa boris ɗin famfon ruwa ya tafi, ya dawo yana zagin Turawan da suka ƙera motar. Ni ba na rarrashin irin waɗannan, gaskiya nake zuba musu, mai fushi ya canza gareji.

Da kuɗin fetur suka shigo, garin nan ya rikice. An koma tuƙin hannun dama, an bar fam an kama naira, sababbin motoci suna ta sauka, har sai da na sayi wasu sifanonin daban don awonsu ba irin namu ba ne. Lokacin Baba Inuwa ya rasu, garejin yana hannuna. Kowa cewa yake arziki ya zo, amma a wurinmu masu tsofaffin motoci a tsakiyar arzikin nan muka ga shekarar da ba mu taɓa ganin irinta ba. Aka ce jiragen ruwa sun cushe a Legas, kaya ba sa sauka. 'Yan sifiya, masu sayar da kayan gyaran mota, kuma suka juya wa tsofaffin motocin Ingila baya, sai na sababbi suke kawowa. Bel ya ɓace ɓat. Ka auna da igiya, ka zaga shagunan garin nan kaf, ka aika Bauchi, ka aika Jos, a dawo maka da igiyarka. Na sa dukawa sun tufka min na ƙirgi don mota ta kai gida, na yanka daga tsohuwar taya, na ga wanda ya iso daga Deba da igiyar rama a inji. Ga kakar auduga ta kama, ga ta nan fara fat a fulotin da ake sayenta, motoci kuwa a jere a kan duwatsu saboda 'yar roba.

A shekarar ne maganar Bulus ta faru. Bulus Batangale ne, yana zaune a Herwagana, direban Alhaji Garba, wani Bakatsine mai fataucin auduga a Tudun Wada. Ya daɗe da tsohuwar rokar Alhaji, bai taɓa kayar da ita ba, ko fenti bai taɓa gogewa ba. Sai ga mota ta fara cin bel. A sa sabo, ta je Kumo ta dawo, ta je Kaltungo, a hanyar dawowa ya tsinke. Alhaji yana da hanya a Kano, shi ke samo bel ɗin da ƙyar, ya miƙa wa Bulus, Bulus ya sa da kansa a bakin titi. Ba wanda ya kawo min ita, don a ganinsu bel ba aikin gareji ba ne, kamar dai yadda kuke gani.

To akwai al'adar da ke tsakanin masu mota da direbobi. Duk abin da ya lalace a hanya, sai direba ya kawo wa maigida mataccen ya gani da idonsa. Gawa muke ce masa. In babu gawa, ba a yarda an yi mutuwa ba. Bulus kullum yana kawo gawarsa. Amma abin da yake kawowa duk ya zaizaye, zare ya fito buzu-buzu, ka rantse ya shekara yana aiki. Kuma a shekarar nan kowa ya san akwai direbobin da ke sayar da sabon bel su tsinci gawa a juji su kai gida. Ni kaina an zo min neman gawa a ɓoye, na kori mutumin da sifana. Sai zuciyar Alhaji ta ba shi abin da ake yi masa ke nan. Ranar da Bulus ya kawo ta ƙarshe, Alhaji bai jira sun keɓe ba. A tsakiyar tasha, gaban teburin mai shayi inda direbobi da 'yan kamasho ke taruwa, ya fizge makulli ya ce, “Sabo nake ba ka kana kawo min na juji. Ɓarawo kawai!”

Magana zarar bunu ce. Direban da aka kira ɓarawo a tasha, wa zai ba shi makulli? Bulus ya zaga masu motocin garin nan, kowa ya ce sai an duba. Ya riƙa zuwa garejina yana zama a kan tsohuwar taya, ya rame, idanu sun faɗa. Wata rana ya ce min, “Oga Sale, ba aikin ne ya fi damuna ba. Yarana ne ke jin abin da ake kiran ubansu.” Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san hannun mutumin nan a kan mota. Amma ban ga motar ba, ban ga gawa ba, me zan ce?

Ana nan sai ga rokar an jawo ta garejina da safe, Alhaji na biye da farar babbar riga, riƙe da bel sabo ful a cikin takardarsa.

“Malam Sale, wannan shi ne na ƙarshe, ko a Kano babu. Sabon direba zan ba ta. Ka sa shi da hannunka ina kallo, in ga wanda zai ce min ya tsinke.”

“Alhaji, ina gawawwakin?”

“Me za ka yi da kayan juji?”

“Ba na sa sabo sai na ga tsohon.”

“Kai fa ka cika taurin kai. Auduga na jirana a Kumo.”

“To ga garejoji nan birjik, Allah ya ba da sa'a.”

Ya harare ni, na harare shi. Da ya ga ba zan motsa ba ya aika shagonsa aka kwaso su a buhu, ashe bai zubar ba, ajiye su ya yi shaida. Na shimfiɗa su a ƙasa ɗaya kusa da ɗaya. Ban gama jerawa ba na ga abin da ke ciki. Gefe ɗaya na kowanne lafiya lau, har tambarin kamfani bai goge ba. Ɗaya gefen kuwa an cinye shi kamar ɓera ya kwana a kai. Duka haka, gefe iri ɗaya, ci iri ɗaya. Na ce, “Alhaji, in a juji aka tsinto waɗannan, kowanne da cutarsa zai zo. Waɗannan uwa ɗaya uba ɗaya ne, kuma abu ɗaya ya kashe su.”

Na ɗaga bonet, sai na ga baƙo. Dainamon motar babu shi, an ɗora mata altaneta irin ta sababbin motoci, a kan wata kujerar ƙarfe da aka yi wa walda. Na tambaya. Alhaji ya gyara hula ya ce shi ya kai ta Kano bayan salla aka ƙawata ta, fitilu ja da kore har saman bodi, da rediyo mai kaset, kamar yadda kowa ke yi a lokacin. Tsohon dainamon ya kasa ɗaukar wutar, aka canza shi. Na warware zaren ɗinkin buhun da aka kawo gawawwakin, na kafa shi a fuskar fulin ƙasa, na ja shi tsaf zuwa sama. Ya kwanta a fulin famfon ruwa daidai. Da ya iso fulin altaneta sai ya wuce ta iska, tsakaninsu ɗan yatsana ya shige. Na kamo hannun Alhaji na sa nasa yatsan a wurin.

“Ka ji? A karkace take zaune. Duk juyin da inji ya yi, bakin fulin nan yana yankar gefen bel. Ko wa ka ba motar nan, ko ni ne, haka za ta ci.”

Ya daɗe yatsansa na wurin. Sannan ya ce, “Innalillahi.” 

Na kira mai walda muka yanke kujerar, muka sake zaunar da ita da zaren nan a miƙe, na cika ragowar da washa. Sannan na ratsa bel ɗin ƙarshen nan ta kunnuwan fanka a hankali, na ja, na danna da yatsa, aka tayar da inji. Ya bi kwarinsa sumul, ko rawa ba ya yi. Kafin nan na riga na aika Herwagana, Bulus ya iso ya tsaya daga gefe yana kallo.

Alhaji ya zaro makulli ya miƙa masa, idonsa a ƙasa. “Bulus, ashe motar ce. Abin da ya wuce ya wuce. Karɓi, ka kama hanyar Kumo.”

Bulus ya mayar da hannayensa baya. “Ranka ya daɗe, ba a nan ka faɗa ba.”

“Me kake nufi?”

“A tasha ka faɗa. Matata Rifkatu tana bakin ƙofar tashar tana tuyar ƙosai, a kunnenta. Har yau tana zama a wurin, kai a sunkuye, masu saye suna mata kallon matar ɓarawo. In na karɓi makullin nan a gareji, gobe za a ce yafe min ka yi.”

Na ce a raina shi ke nan, Bulus ya ɓata. Alhaji Garba mutum ne da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa, ga sabon direba yana jira a gindin bishiya. Fuskar Alhaji ta haɗe. Na buɗe baki zan sa baki, sai na ga ya sunkuya. Da hannunsa ya tattara gawawwakin nan daga ƙasa, ya zura su a damtse, baƙin roba duk ya ɓata masa farar riga. Ya ce, “Mu je.”

Daga garejina zuwa tasha ba nisa, a ƙasa muka tafi, yana gaba muna biye. Hantsi ya yi, tasha ta cika, teburin mai shayi babu masaka tsinke. Da aka ga Alhaji da matattun bel a hannu sai hira ta mutu. Ya tsaya daidai inda ya tsaya a wancan karon, ya zube su a ƙasa.

“Jama'a, a nan na kira Bulus ɓarawo,” in ji shi, muryar ƙasa-ƙasa. “Ban yi bincike ba. Motata ce ke cin bel, kuma ni na jawo. Bai ɗauki komai nawa ba. Na zalunce shi, ina roƙonsa gafara.”

Masu kusa suka ce madalla, wani ɗan kamasho ya ce, “Girma ya tabbata, Alhaji.” Alhaji ya sake miƙa makulli. Bulus bai ko kalle shi ba, can bakin ƙofa yake duba, inda hayaƙin tuya ke tashi.

“Alhaji,” ya ce, “wancan karon har can aka ji ka.”

Wallahi na zaci za a yi rigima. Alhaji ya dubi Bulus, ya dubi bakin ƙofa. Sai ya juya ya fuskanci wajen, ya cika ƙirji, ya ɗaga murya yadda yake yi in yana kiran masu dako:

“Bulus ba ɓarawo ba ne! Ni Garba na yi masa ƙarya!”

Tasha ta yi tsit, har ana jin tafasar mai a kasko. Rifkatu ta ajiye matsamin ƙosai, ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zaninta. Ta bi mutanen wurin da kallo ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba ba ta share ba.

“Mun ji, Alhaji,” ta ce.

Sai a lokacin Bulus ya buɗe tafin hannunsa.